Kan Sarkin da Aka Tsinta a Adakar Kaka: Na Fam 25 Ne Ko Na Sule Biyar?

"Assalamu alaikum Baba. Ina rubuto maka daga Tudun Wadan Zariya. Da muke kwashe kayan ɗakin kakanmu bayan rasuwarsa, mun buɗe wata adaka da ya gada daga mahaifinsa, wanda ya yi wa wani kamfanin Turawa awon auduga a Sabon Gari. A ciki akwai ambulan bakwai masu jan kan sarki, da wata doguwar takarda da Turanci wadda aka manna wa kan sarki kore da ja daga ƙasa, aka sa hannu a kansa. An rubuta NORTHERN NIGERIA a samansa, ga hoton wani Bature mai gemu. Tawada ta rufe wurin da kuɗin yake. Na ɗauki hotonsa na nema a waya, sai ta nuna mini wani mai kama da shi na fam 25 da aka ce kuɗinsa miliyoyi ne. Wani mai sayen tsofaffin kuɗi ya taya shi naira dubu tamanin, ya ce in jiƙa takardar in ɓamɓaro masa shi kaɗai. Yaya zan gane ko shi ne, kuma nawa ne kuɗinsa na gaskiya?"

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanku, ya albarkaci abin da ya bari. Tambayarka uku ce a dunƙule: wane kan sarki ne wannan, nawa ya kai, kuma ka sallama wa mai tayin ko kada ka sallama. Ta ukun ita ce mai gaggawa, don haka da ita zan fara. Kada ka jiƙa takardar nan, kada ka ɓamɓare komai daga jikinta, kada kuma ka yanke kusurwar ambulan ko ɗaya. Mai tayi ka ce masa albarka tukuna. Duk sauran abin da zan faɗa ana iya yinsa a tsanake, ko a mako guda ko a shekara, amma in ruwa ya taɓa koriyar tawadar nan, shi ke nan, ba ta dawowa.

Game da ta farko kuwa, tun kafin in riƙe shi a hannu zan gaya maka inda zatona ya karkata: na sule biyar ne ko na sule goma na Sarki Edwad, waɗanda suka fito a 1910 zuwa 1911, ba na fam 25 ba. Zan kawo dalilaina, kai ma ka bi su da idonka.

Kan sarkin Arewa, 1900 zuwa 1914

Ranar 1 ga Janairu 1900 Turawan Ingila suka karɓi mulkin Arewa daga hannun kamfanin Neja, Lugga ya zama babban kwamishina. Kafin nan, ma'aikatan kamfanin da ke Lakwaja da Burutu da Akassa kan sarkin Ingila suke mannawa, kamfani ya buga masa hatiminsa. A cikin 1900 ɗin Arewa ta samu nata na kanta, guda tara, masu kan Sarauniya Biktoriya, daga na ɗari har na sule goma. Tun da ku yaran yanzu kuɗin naira kuka tashi kuka gani, bari in tuna maka: ɗari shi ne rabin kwabo, taro kwabo uku, sisi kwabo shida, kwabo goma sha biyu sule guda, sule ashirin kuma fam ɗaya. A jikin kan sarki, harafin d alamar kwabo ne, harafin s ko 'yar karkatacciyar sanda alamar sule, sai alamar £ ta fam.

A 1902 aka sake su da kan Sarki Edwad na Bakwai. A 1905 aka ƙara bugawa a kan wata takarda dabam, a 1910 da 1911 aka canza musu launi, sannan a 1912 aka fito da na Sarki Joji na Biyar, daga ɗari har fam ɗaya. Da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, sai aka koma rubuta NIGERIA kawai. Ka ga ke nan duka rayuwar kan sarkin Arewa shekara goma sha huɗu ce, kuma iri-irinsa ba su da yawan da za su rikita mutum.

Abin da ke rikita mutane shi ne dukansu zubi ɗaya ne. Kamfanin De La Rue na Landan ne ya buga su, kuma don rage tsada sai ya yi faranti guda mai ɗauke da kan sarki da adon gefe da rubutun POSTAGE & REVENUE, ya bar gurbi biyu fayau, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A bugu na biyu ake cike na sama da sunan ƙasa, na ƙasa da kuɗi, galibi da wani launi dabam. Da farantin nan aka buga wa Saliyo nata, aka buga wa Gana ta wancan zamani nata, da wasu tsibirai masu nisa. Don haka na ɗari da na fam 25 fuskarsu ɗaya, girmansu ɗaya, adonsu ɗaya. Wayarka ta ga gemu, ta ga kore da ja, ta ga sunan Arewa, sai ta kawo maka wanda aka fi yin maganarsa a intanet. Kallon kitse ta sa ka yi wa rogo, kuma ba laifinka ba ne.

Shi na fam 25 ɗin

Gaskiya ne akwai shi, kuma yana cikin kan sarki mafiya tsada da aka taɓa bugawa don wata ƙasa a Afirka ta Yamma. A 1904 ya fito, da kan Sarki Edwad, jikinsa kore, sunan ƙasa da kuɗi da ja, a kan farar takarda. Waɗanda suka rage a duniya ƙalilan ne, kuma in aka kai ɗaya gwanjo a Landan, dubun-dubatar fam ake magana.

Amma yi lissafi tare da ni. Fam ɗaya kwabo 240 ne, fam 25 ke nan kwabo 6,000. A lokacin kwabo ɗaya ke kai wasiƙa Ingila. Wato kan sarki guda da zai biya kuɗin wasiƙa dubu shida. Babu wanda ya taɓa bukatar irin wannan a gidan waya don aika saƙo. An yi shi ne don karɓar kuɗin gwamnati da ya shafi barasa, wato aikinsa tsakanin baitulmali ne da manyan kamfanonin Turawa. Mai awon auduga a Sabon Garin Zariya, wanda garin ma sai da layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa a wajen 1911 ya fara tsayawa da ƙafarsa, me zai haɗa takardarsa da shi? Ban ce ba zai taɓa yiwuwa ba, don takarda tana yawo, ana iya ba mutum ajiya a mance. Amma takardar yarjejeniya ko ta haya ko ta lamuni irin wadda wakilin kamfani ke riƙewa, kuɗin hatiminta na sulalla ne.

Kuma kore da ja ba shi kaɗai ba ne. Da aka canza launuka a 1910 zuwa 1911, na sule biyar ya zama kore da ja a kan takarda rawaya, na sule goma ya zama kore da ja a kan koriyar takarda. Na Sarki Joji na 1912 ma haka suka biyo. Ka ga kan sarki huɗu ke nan da suka dace da kwatancenka kafin a zo ga na fam 25.

Yadda za ka duba da kanka

Ka wanke hannu ka shanya sosai, ka shimfiɗa takardar a kan tebur mai tsabta kusa da taga da hantsi. Hasken fitilar ɗaki yana ɓata launi, kore ya koma kamar shuɗi. Ka samu gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo. In babu, masu gyaran waya na PZ a Sabon Gari suna da mai fitila a kan teburinsu, ka je da takardar cikin faifan kwali ka roƙi a ba ka minti biyar, amma kada ka bar kowa ya sa mata yatsa mai maiƙo.

Fara da sarkin. Edwad da Joji duk masu gemu ne, duk suna kallon hagu, shi ya sa ake haɗa su. Edwad tsoho ne mai sanƙo, goshinsa ya tafi har tsakiyar kai, wuyansa kauri. Joji yana da suma a kwance da tsaga, fuskarsa siririya, gemunsa ya fi tsini. In ka ga suma, magana ta ƙare, don ba a yi na fam 25 da kan Joji ba.

In Edwad ne, sai ka duba takardar kan sarkin ita kanta. Ba cikin zanen za ka duba ba, ka dubi ɗan filin da ke tsakanin zane da haƙoran gefe, inda tawada ba ta taɓa ba. In rawaya ne sosai, iri ɗaya ko'ina, sule biyar ne. In kore ne mai haske, sule goma ne. A nan akwai tarko guda: farar takarda da ta yi shekara ɗari a adaka tana dafewa ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, mai ɗoki ya ce fara ce, mai tsoro ya ce rawaya ce. Maganinsa ka ɗauko ɗaya daga jajayen nan na kwabo da ke kan ambulan, ka ajiye gefe da gefe. Su a kan farar takarda aka buga su, kuma adaka ɗaya suka kwana, don haka tsufansu ɗaya. In gefen naka ya yi daidai da gefensu, fara ce. In ya fi su rawaya ƙarara, ka samu amsa. Dafewar tsufa kuma ba ta zuwa daidai, takan fi yawa a bakin haƙora ta yi ɗigo-ɗigo, rini kuwa shimfiɗe yake.

Sai gurbin kuɗin da tawada ta rufe. Tawadar alƙalami ta wancan zamani ba ta cika rufe bugu gaba ɗaya ba, da tsufa ma takan koɗe ta koma ruwan ƙasa. Kashe fitila, ka kunna tocilan wayarka, ka kwantar da hasken daga gefe kamar zai shafi takardar, kada ka haska daga sama. Ka juya shi ta kusurwa huɗu. Jan bugun zai fito a ƙarƙashin sa hannun. Abin da kake nema shi ne abin da ke farkon gurbin daga hagu. In alamar fam ce, mai lanƙwasa da sanda a ciki, to. In lamba 1 ce a tsaye da sifili a bayanta, goma ce. In lamba ɗaya ce tak babba a tsakiya, biyar ce. Sa hannu ɗaya da wuya ya rufe duka kusurwoyin.

Kwanan watan da ke jikin takardar ma shaida ne. Karanta shi, ka karanta abin da takardar ke cewa. Sau da yawa a sama ko a gefe akawu yakan rubuta nawa aka biya na hatimi, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba gardama.

Masu tara kan sarki suna duba wasu abubuwa biyu, tambarin cikin takarda da haƙora. Tambarin shi ne irin hoton da kake gani a cikin takardar naira in ka ɗaga ta sama ga haske. A nan kambin sarauta ne da haruffa C da A a ƙarƙashinsa. Na 1900 da na 1902 kambi ɗaya ne babba a tsakiyar kowane kan sarki. Daga 1904 aka koma ƙanana masu yawa a jere, har gefe yakan yanke wasu. Wannan ba zai raba maka na fam 25 da na sule biyar ko goma na 1910 ba, don duka ukun masu kambi da yawa ne, amma yana da amfani wajen gane jabu, kuma shi ke raba na kwabo na 1902 da na 1905. Kan sarkin da ke sake akan kifa shi a baƙin faranti a ɗiga masa man laita, tambarin ya bayyana na ɗan lokaci kafin man ya bushe. Kai dai kada ka gwada wannan a kan takardarka. Ɗaga ta kawai ka sa tocila a bayanta. Haƙora kuwa ana ƙirga nawa ne a cikin santimita biyu, kuma na Arewa duka 14 ne. In ka ɗora rula ka samu 12 ko 11, ba De La Rue ne ya buga shi ba.

Sa hannu, ruwa da jabu

Rubutun POSTAGE & REVENUE na nufin kan sarkin yana aiki biyu, aika wasiƙa da biyan kuɗin hatimin gwamnati a kan rasit da yarjejeniya. Wanda aka manna a wasiƙa hatimin gidan waya ake buga masa, mai zagaye da sunan gari da kwanan wata. Wanda aka manna a takardar ciniki alƙalami ake ratsa masa. A kasuwar masu tarawa wannan bambanci babba ne. Farashin da ke cikin littattafan farashin kan sarki na sabo ne mai ƙaronsa a baya, ko na wanda ya bi ta gidan waya. Mai sa hannu in aka ɓamɓaro shi ɗan kaso kaɗan na wannan farashi yake samu. Akwai togaciya: a farkon 1900 wasu gidajen waya, irin na Jebba, da alƙalami suka riƙa kashe kan sarki suna rubuta sunan gari, kuma waɗannan ana nemansu ƙwarai. Amma wancan na Sarauniya ne a kan wasiƙa, ba irin naka ba.

To me ya sa mai tayinka yake son ka ɓamɓaro masa shi? Mai yiwuwa bai san kan abin ba, shi ma wayarsa ya duba kamar yadda ka duba. Mai yiwuwa kuma ya sani sarai. Tsohuwar sana'a ce a samu babban kan sarki mai sa hannu, a wanke tawadar da magani, sannan ko a shafa masa sabon ƙaro a ce sabo ne, ko a buga masa hatimin ƙarya a ce ta gidan waya ya bi. Manyan kuɗin Arewa da suka bi gidan waya da gaske sukan fi sababbinsu tsada, don ba a cika amfani da su a wasiƙa ba, shi ya sa hatimin ƙarya ya yawaita a kansu. Akwai kuma wadda ta fi wannan: a ɗauki mai araha na wata ƙasa da aka buga da faranti iri ɗaya, a goge suna da kuɗi, a buga NORTHERN NIGERIA da £25. Takarda ta gaske, tambari na gaske, haƙora na gaske, gurbi biyu kawai ne ƙarya. Shi ya sa babu mai hankalin da zai biya kuɗin na fam 25 ba tare da takardar shaidar masana ba.

De La Rue ya san da wannan wayo, shi ya sa ya buga kore da shunayya da tawadar da aka haɗa da gangan don ta narke in an taɓa ta da ruwa ko magani. An taɓa kawo mini wasu na sule da wani bawan Allah ya jiƙa a ruwan ɗumi cikin kofin shayi don ya raba su da takarda. Sunan ƙasa da kuɗi suna nan daram, amma kan sarkin ya koɗe ya zama shuɗi-shuɗi mai dishi-dishi, gefen ya rine. Abin da zai sayu ya koma abin ba yara su yi wasa.

In ka ci karo da mai rubutun SPECIMEN a gicciye cikin baƙi, wannan samfuri ne da akan aika wa ƙungiyar gidajen waya ta duniya a birnin Bern na Suwizalan don ta rarraba wa ƙasashe su san kamarsa. Ba jabu ba ne, yana da kasuwarsa dabam.

Ambulan bakwai ɗin nan

A tambayarka layi ɗaya ka ba su, ni kuwa su na fi son gani. Jan kan sarki na kwabo in an cire shi ba ya da wani kuɗi, don shi aka fi bugawa kuma shi kowa ya manna. Amma ambulan cikakke wani abu ne dabam. Masu tarawa a yau sun fi bin tarihin wasiƙa: daga ina ta tashi, wace rana, ta wace hanya ta bi, nawa aka biya.

Duba hatimin gaba ka karanta sunan garin. Na Zungeru, wadda ta zama hedikwata daga 1902, da na Lakwaja su suka fi yawa, don can Turawa suka taru. Na Zariya da Kano suna biye. Ƙananan wurare da gidan wayarsu bai daɗe ba, ko wasiƙarsu ba ta da yawa, su ne ake rububi, har kan sarkin kwabo ya fi na sule goma tsada saboda hatimin da ke kansa. Sannan juya bayan ambulan. Duk inda jakar wasiƙu ta sauka akan buga hatimi, sai ka ga tafiyar a jere da kwanakinta. Kafin jirgin ƙasa, a ka ake ɗaukar jaka har bakin kogi, jirgin ruwa ya gangara da ita bakin teku, sannan babban jirgi ya wuce da ita Liverpool. Bayan 1911 sai tazarar kwanakin ta ragu, kuma kana iya ganin wannan da idonka in ka jera ambulan biyu, na kafin dogo da na bayansa. Mai rajista, mai shuɗin layi a gicciye da lamba, ya fi na kullum. Wanda aka haɗa kan sarkin Arewa da na Kudu ko na NIGERIA bayan 1914 shi ma ana sonsa. In akwai adireshi da ajami, ko wasiƙar tana ciki har yanzu, kada ka raba su.

Ko na baya-bayan nan kada ka raina. Wasiƙun jirgin sama na farko bayan da aka buɗe hanyar Khartum zuwa Kano a 1936, da wasiƙun sojojinmu daga ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya na biyu masu hatimin mai tace saƙo, duk suna da masu nema.

Haka ita ma doguwar takardar. Kan sarkin sule biyar mai sa hannu shi kaɗai ba komai ba ne, amma yarjejeniyar awon auduga ta Zariya ta kafin yaƙin duniya na farko, da sunan kamfani da sunan wakili da kwanan wata da hatiminta a jiki, tana da masu saye cikin masu tara takardun haraji, kuma ga masu binciken tarihi ta fi haka.

To nawa ne?

Tsufa ba shi ke sa tsada ba. Kan sarki na farko a duniya, baƙin nan na kwabo da Ingila ta fitar a watan Mayu 1840, an buga fiye da miliyan 68, shi ya sa har gobe ana samun mai matsakaicin kyau a kan gomomi zuwa 'yan ɗaruruwan fam. Na Giyana ta Ingila na 1856 kuwa, ɗan guntu mai duhu da aka yanke wa kusurwoyi, guda ɗaya tak ya rage, an sayar da shi dala miliyan 9.48 a 2014, aka sake sayar da shi miliyan 8.3 a 2021. Lura da wannan na biyun: ko wanda babu irinsa a duniya farashinsa yana sauka. Ƙarancin abu, lafiyarsa, da yawan masu nemansa a ranar gwanjo, su ke yanke kuɗi.

Littafin da ake dubawa don ƙasashen da Ingila ta mulka shi ne na Stanley Gibbons, Amurkawa kuma na Scott suke bi. A cikinsu ƙananan kuɗin Arewa 'yan fam kaɗan ne, na sule biyar da sule goma na Edwad da Joji a gomomin fam suke, na sule goma na Sarauniya a ɗaruruwa. Amma wannan farashin mai shago ne in yana sayar da marar aibi. In kai ne ka kawo, ƙasa da rabi za a taya, sau da yawa ƙasa sosai. Haƙori ɗaya ya karye, an rage. Akwai lanƙwasa, ko tsatsar danshi, ko bayan ya sale, ko zanen ya karkace zuwa gefe ɗaya, duk an rage. Kuma kada kuɗin da ka ga mutane sun rubuta a eBay ko Facebook ya ruɗe ka, kowa yana iya sa wa kayansa miliyan. Ka nemi nawa aka sayar, ba nawa aka nema ba.

Saboda haka in naka ya tabbata na sule biyar ne mai sa hannu, naira dubu tamanin ba ƙwara ba ce a kan shi kaɗai, wataƙila ma ta fi ƙarfinsa. Hasarar tana wajen lalata takardar. In kuwa alamar fam ka gani a kan farar takarda, dubu tamanin ba ta kai ko kuɗin la'adar dillali ba. Ni ba zan yanke maka kuɗi daga kwatance ko hoton waya ba, wannan cinikin biri a sama ne. Ko a hannuna yake, iyakata in ce maka ga abin da nake gani. Takardar shaidar da kasuwa ke yarda da ita daga kwamitin masana take fitowa, irin na Royal Philatelic Society a Landan, wadda aka kafa a 1869, ko na BPA, wani kwamitin masanan kan sarki a Ingila, kuma sai an aika musu abin da kansa an biya kuɗin dubawa.

Kafin a kai ga nan akwai mataki mai sauƙi. Je shagon kwamfuta a Samaru ko Kongo a yi maka sikanin takardar da kowane ambulan, gaba da baya, da launi, a kan ma'aunin kaifin hoto na 600 dpi ko sama, a ɗora baƙar takarda a bayansu don haƙora su fito. Kana tsaye a yi, kada ka bar su a shago. Aika hotunan ga gidajen gwanjo da aka sani, irin Spink ko Stanley Gibbons, ta adireshin da ke shafinsu na ainihi. Sukan faɗi ra'ayinsu na farko ba tare da ka biya ba, kuma in abin ya kai a nemi shaida su za su ce maka. Akwai kuma ƙungiyar West Africa Study Circle, masu fitar da mujallar Cameo, waɗanda hatiman garuruwanmu ne abin nazarinsu. Duk wanda ya ce ka turo kuɗin rajista ko na buɗe fayil kafin ya saya, ɗan damfara ne.

Abu biyu kafin ka sayar da ko ɗaya. Adakar nan gado ce, ba taka kai kaɗai ba, don haka ka sanar da iyayenka da sauran magada abin da aka samu, a rubuta, a yi shawara tare. Na ga zumunci ya ɓaci a kan kan sarkin da daga baya aka gano bai kai kuɗin buhun masara ba, don kawai wasu sun ji an ambaci miliyoyi. Na biyu, tsofaffin takardun tarihi, musamman rubutun hannu na ajami, fitar da su waje yana iya bukatar izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, sai ka tambaya kafin ka sa a jakar aikawa. Ko za ku sayar, ku kai kwafi Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ko Arewa House a Kaduna.

Kafin nan, fitar da su daga adakar ƙarfen, don tsatsarta tana kama takarda. Kada ka sa su a leda ka ɗaure, damina tana zuwa gumi zai taru a ciki, kuma kada ka kuskura a yi musu laminatin ko a manna musu salatif. Sa kowanne tsakanin farar takarda biyu marasa rubutu, a shimfiɗe, cikin faifan kwali, a saman kabad nesa da bangon da ke jiƙa da inda gara ke bi. Da hunturu takardar za ta bushe ta yi ƙaras, lokacin ne ta fi karyewa, don haka in a naɗe ka same ta kada ka danne ta da ƙarfi, kada kuma ka sa mata dutsen guga. In ka gama dubawa, rubuto mini abu huɗu: sanƙo ne ko suma, launin gefen, abin da ke farkon gurbin kuɗi, da sunayen garuruwan da ke cikin hatiman ambulan bakwai ɗin, na gaba da na baya.